Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga wakilan Damagaram a majalisar CCR: a karanta mana abin da ake sa wa hannu da sunanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe iyayenmu, malamanmu da yayyenmu maza da mata da kuke zaune a majalisar ba da shawara ta sake gina ƙasa, wato CCR, musamman ku da kuka fito daga jihar Damagaram. Muna gaishe ku da aiki, Allah ya yi muku jagora, ya ba ƙasarmu lafiya, ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta dama wajen tsaronta. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, kuma abin da zan rubuta ba nawa ba ne ni kaɗai, maganar da muke yi ce kullum da abokan sana'a, direbobin da ke bin hanyar Matamai da Magarya, dillalan wake da na dabbobi masu cin kasuwar Maigatari, da iyayenmu mata masu sarin kayan gwari da lemu daga Kano. A cikinmu akwai wanda da can ɗan Tarayya ne, akwai ɗan Canji, akwai ɗan Lumana da ɗan Nasara, akwai wanda bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba, don haka don Allah kar a karanta wannan takarda da idon siyasa.

Tun da aka girka majalisarku ranar 28 ga Yuni 2025, ku 194, muke sa kunne mu ji ranar da wani zai miƙe a zauren nan ya tayar da maganar yarjejeniyoyin da ƙasa ke ƙullawa da waɗanda take warwarewa, da kuma yadda suke sauka a kanmu mu da ke can ƙarshen layi gaban tebur ɗin ma'aikaci. Shi ya sa muka ce bari mu rubuto kafin zamanku na gaba.

Ina so in tuna muku da wata rana da yawancinku kun fi ni saninta. Ranar 22 ga Afrilu 2022, bayan Faransa ta ce za ta kwashe sojojin Barkhane da na Takuba daga Mali, gwamnatin faraminista Ouhoumoudou Mahamadou ta je majalisar dokoki neman a yarda sojojin waje su zauna a Nijar. To amma ba takardun yarjejeniyar aka ajiye gaban depitoci ba, maganar aka cusa cikin takardar manufofin gwamnati aka ce a kaɗa ƙuri'ar amincewa a kai, wanda kowa ya san ɗan ɓangaren rinjaye in ya ce a'a kamar ya kada gwamnatinsa ne da hannunsa. Aka ƙirga, 131 sun yarda, 31 sun ƙi. 'Yan adawar da suka ƙi abin da suka tsaya a kai bai da wuyar ganewa: kundin tsarin mulki na 2010, aya ta 169, ya ce yarjejeniyar tsaro da ta zaman lafiya, da wadda ta shafi ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da wadda za ta canza dokar cikin gida, da wadda za ta ɗora wa ƙasa nauyin kuɗi, ba a tabbatar da su sai da dokar da majalisa ta yi. Suka ce to a kawo takardun mu karanta, mu san soja nawa, ina za su zauna, har yaushe, wa zai hukunta su in sun yi laifi. Ba a saurare su ba, an fi su yawan hannuwa. A lokacin an ce hassada ce, an ce zafin faɗuwa zaɓen 2021 ne, amma mu a rumfunanmu mun ga gaskiyarsu, domin ko aure ba a ɗaura shi a ɗaka, sai da waliyyi da shaidu, a faɗi sadaki da ƙarfi kowa ya ji, saboda ranar da rigima ta taso a san abin da aka yi alkawari.

Shekara biyu ba ta cika ba sai ga maganarsu ta fito daga bakin hukuma da kanta. Ranar 16 ga Maris 2024 kakakin CNSP, majalisar sojojin da suka karɓi mulki a 2023, Kanal Amadou Abdramane, ya fito a talabijin ya soke yarjejeniyar soja da Amurka ta 2012, kuma babbar hujjar da ya kawo ita ce an girka sojojin waje a ƙasar ba tare da an tuntuɓi al'umma ta hanyar wakilanta ba, da 'yar takardar diflomasiyya kawai aka yi abin. Kafin nan a watan Agusta 2023 an soke na Faransa, sojojinsu suka gama fita a Disamba. Mun yi murna, wallahi mun yi, mutane sun fito titi a nan Damagaram ma. Amma ranku ya daɗe, in hujjar nan gaskiya ce a kan takardar 2012, to gaskiya ce a kan duk takardar da za a sa wa hannu yau da gobe, ko da wa aka yi ta, ko Rasha ce ko Sin ko Turkiyya ko 'yan'uwanmu na Mali da Burkina. Ba mu ce kowace yarjejeniya mugunta ce ba, mun ce a nuna mana.

Yanzu babu majalisar dokoki, jam'iyyu an rushe su a watan Maris 2025, babu wani benci na 'yan adawa da wani zai miƙe daga kansa ya ce a dakata a kawo takarda. Mun san ku masu ba da shawara ne, ba ku kafa doka, da odonans, wato dokar da shugaban ƙasa ke sa wa hannu, ake tafiyar da ƙasa. Amma ku ne kaɗai zauren da ya rage inda ɗan Tanut da ɗan Gure da ɗan Dungas ke da wanda zai kira nasa. Tambayar da mutum 31 suka yi a 2022 in ba ku yi ta ba babu mai yin ta. Kuma mu mutanen Damagaram mun san ɗacin wannan abu tun kaka da kakanni, iyakar nan da ta raba mu da Daura da Kano da Gumel ai yarjejeniya ce tsakanin Faransa da Ingila, aka yi ta gyara ta a 1904 da 1906 a can ƙasashensu, babu wanda ya tambayi ko mutum ɗaya a Birni, ga shi har yau ɗan'uwa na nuna takarda kafin ya je jana'izar ɗan'uwansa.

Kukanmu na farko, kuma shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, shi ne abin da ke faruwa a kan hanya tun da aka fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO. An sanar da fitar ranar 28 ga Janairu 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, a tsakani an sa hannu kan yarjejeniyar haɗakar Nijar da Mali da Burkina, wato AES, a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024. CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta kuma mutane da kaya su ci gaba da wucewa har sai an sake sanarwa, ƙasashen AES su ma sun ce 'yan CEDEAO su shigo ba biza. Daga baya a watan Maris 2025 aka sa harajin AES na kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su. Duk wannan a rediyo muka ji shi, gutsure-gutsure, yau a labaran rana gobe a WhatsApp. Amma takardar kanta, wadda za ta ce kaya kaza yana biya kaya kaza ba ya biya, da wane kati ake wucewa, nawa ne kuɗin kuma wane rasit za a ba ka, ita ce ba ta zo hannun ɗan kasuwa ba. To abin da ba a rubuta an manna kowa ya gani ba, wanda ke tsaye bakin shinge shi ke fassara shi, kuma yadda ya fassara da safe ba lalle ne wanda ya canje shi da yamma ya fassara haka ba.

Na gani da idona. Wata Hajiya da muke maƙwabtakar rumfa, uwa ce gare mu duka, ta haɗa kuɗi da wasu mata suka ɗauko lodin ayaba da lemu, ni ma ina da 'yan katan-katan na sabulu a motar. A wani shinge da ba zan faɗi sunansa ba aka tsayar da mu aka ce takardarmu ba ta cika ba, akwai sabon abu da ya fito. Direba ya zaro wata fotokwafi daga aljihun gaban rigarsa, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya, gumi ya cinye rabin rubutun, da Faransanci, wani abokinsa ne ya ba shi a tasha ya ce ita ce sabuwar dokar. Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya ya ce babu tambari, kuma su ba su samu umarni daga sama ba, a jira shugabansu. Shugaban yana gari, talho ba rezo. Motar nan ta kwana ta wuni cikin rana, Hajiya ta hau ta ɗaga tampol tana taɓa ayabar ɗaya bayan ɗaya, ta ƙasa duk ta yi baƙi ta fara ruwa, ta sauko ta ce wa ma'aikacin, "Ɗana, ni ban ƙi biya ba, gaya mini abin da hukuma ta ce in biya ka ba ni takarda." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, wallahi ni ma abin da aka ce mini ke nan." Kuma na yarda da shi, yaron bai fi sa'ar ƙanena ba, shi ma ba a ba shi komai a rubuce ba. Kuɗin adashin mata ne ya ruɓe a motar nan, kuma babu ofishin da za su je su kai ƙara tunda ba su san ma wace doka aka taka ba.

Na biyu, hana fitar da kaya. A watan Oktoba 2024 an hana fitar da hatsi, gero da dawa da masara da shinkafa har da wake, sai zuwa Mali da Burkina kawai. A watan Mayu 2025 gab da babbar salla an hana fitar da dabbobi. Mun fahimci niyyar, ana so abinci da ragon layya su yi sauƙi ga talaka, kuma ba za mu yi ƙarya ba mai saye ya ji sauƙi. Amma a dubi taswira. Daga nan zuwa Kano kilomita wajen 240 ne, daga nan zuwa Yamai kusan 900, kafin ma a fara maganar Wagadugu ko Bamako. Manomin Kance ko na Magarya wake shi ne kuɗinsa, gero na ci ne, wake na sayarwa ne ya biya bashin taki ya yi wa 'ya'ya kayan lakkol, kuma mai sayen wakensa tun fil azal daga kudu yake zuwa. In alkawarin da muka yi da ƙawayenmu na AES ya sa an buɗe ƙofar yamma an rufe ta kudu, to ya kamata a ce wani daga Damagaram ya zauna a wurin ya faɗi abin da hakan zai jawo, a sa ranar da hanin zai ƙare, ko hukuma ta saye amfanin da farashin da manomi ba zai faɗi ba. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, kaya bai daina fita ba, ya koma bin daji da dare a kan babura, mai ƙarfi ya wuce, ƙaramin da aka kama ya rasa jarinsa, baitulmali kuma bai samu ko dala ba. Ministan kasuwanci Abdoulaye Seydou mutum ne da ya jagoranci ƙungiyar farar hula ta M62, ya sha ɗauri a kan faɗin abin da ya gani gaskiya ne, muna kyautata zaton in kuka kai masa wannan magana zai saurara.

Na uku man fetur. Matatar SORAZ tana nan arewa da gari a kan hanyar Tanut tun Nuwamba 2011, ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na Nijar. Yarjejeniyar haƙar man Agadem tun 2008 aka yi ta zamanin marigayi Tandja, kuma tsarin mulkin 2010 a aya ta 150 ya ce kwangilolin arzikin ƙarƙashin ƙasa da kuɗin da kowane kamfani ya biya a buga su duka a jaridar dokoki ta gwamnati, an sa ayar ne saboda abin da aka gani a baya. A nan sai mun yaba abu ɗaya: da aka karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a watan Afrilu 2024 a matsayin kuɗin gaba na ɗanyen mai, faraminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya fito ya faɗi adadin, ya faɗi ruwan kashi 7 cikin ɗari, ya faɗi wata 12 na biya. Ka ga wannan ko mai shayi ya iya lissafinsa, kuma irin haka muke roƙo a kan sauran. Sai ga shi a watan Maris 2025 an yi ƙarancin esansi, layi a gidajen mai, 'yan kabu-kabu sun ajiye babura, 'yan ruwa-ruwa da da can ke cike giɓin da man Najeriya su ma babu tunda can an cire tallafi tun 2023, a cikin watan ne kuma aka sallami manyan 'yan Sin uku na kamfanonin man. Bayan nan aka shiga tattaunawa da kamfanonin. Duk abin da aka daidaita ko za a daidaita a kai ya shafe mu kai tsaye, yaranmu nawa za a ɗauka aiki, albashinsu, mai nawa zai tsaya a gida, me garuruwan da ke shaƙar hayaƙin matatar za su samu. Garin da ke da matata kuma har yau mata na bin 'yan ga-ruwa da bidon in bazara ta yi, ya cancanci a karanta masa takardar.

Na huɗu ba sai na tsawaita ba don kowannenku yana da ɗan'uwan da ya sha shi: dosiye. Takardar haihuwa, nasiyonalite, kaziye, tambur, a je meri a buga hatimi, kafin ka gama haɗa na ƙarshe na farko wa'adinsa ya wuce, in ka gama kuma a ce sai an aika Yamai, ko kai ka hau bas ka kwana a hanya ka je ka zauna gidan wani kana jiran sa hannun mutum ɗaya. Yanzu ga sabon fasfo na AES an ƙaddamar tun Janairu 2025, ga maganar sabon katin ɗan ƙasa, kuma kowace sabuwar yarjejeniya da sabuwar takardarta take zuwa. Tsohon da ke ƙauyen Damagaram Takaya wanda ko takardar haihuwa bai da ita, shi za a fara tsayarwa a hanya.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe. Ku ba shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani da gwamnati shawara a rubuce cewa duk yarjejeniyar da ta shafi tsaro, bashi, arzikin ƙasa ko shiga da fita wata ƙungiya, a kawo ta gabanku ku karanta ku yi muhawara kafin a tabbatar da ita, ba bayan an gama ba. Mun san akwai sirrin soja, ba mu ce a faɗi inda aka girke bindiga ba, amma da wa aka yi, shekara nawa, nawa za mu biya da kuma wace kotu ke hukunta baƙon da ya yi laifi, waɗannan ba sirri ba ne, kuma abin da ya zama dole a ɓoye sai wani ƙaramin kwamiti daga cikinku ya gani a madadinmu. Ku kuma tsaya kai da fata in an zo rubuta sabon tsarin mulki a maido da abin da ayoyi na 169 da 150 suka ƙunsa, a toshe ƙofar da aka bi a 2022, kar a sake cusa yarjejeniya cikin wata takarda a ce an wuce wurin.

Sannan tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, muna so mu ga amfanin hakan a nan: yarjejeniyar AES da dokar harajin 0.5 da duk wani hani na fitar da kaya a fassara su da Hausa, a karanta su a gidan rediyon jiha da su Anfani da rediyoyin karkara, da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci ma, a maimaita ranar Alhamis da mutanen ƙauye ke shigowa Dole. A kowane shinge da kowane ofishin duwan na jihar a kafa allo babba, a rubuta takardun da ake nema da kuɗin kowane abu da lambar da za a kira in an karɓi abin da ba ya kan allo, kuma ma'aikaci ya samu umarninsa a rubuce rana ɗaya da mu. Kayan da ke lalacewa a sa musu iyakar awoyin da za a riƙe su. Takardun da yanzu sai Yamai a ba gwamna da ma'aikatun jiha ikon sa musu hannu a nan, a kuma fito da ayarin yin takardar haihuwa kyauta zuwa ƙauyuka kafin a fara tilasta sabon kati.

Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da ke nan tun 1971 mai mazauni a Yamai, wadda ba ta rataya da CEDEAO ba. Ku nemi a tayar da ita a kan maganar kasuwancin iyaka, kuma in za a zauna a sa 'yan kasuwa da direbobi da makiyayan Damagaram da Maraɗi da Difa a teburin, ba manyan 'yan kasuwar Yamai kaɗai ba.

Na ƙarshe, in kun dawo hutun zama ku kira taro a bainar jama'a a nan cikin gari, da Matamai da Magarya da Mirya, ku faɗa mana abin da kuka kai da amsar da aka ba ku. Mu za mu zo da rasit ɗinmu da takardun da ake ba mu a hanya ku gani da idonku, Hajiyar nan ma ta ce a shirye take ta yi bayani da bakinta. Ku sanar da ranar ta rediyo da mako guda kafin nan saboda direbobin da ke kan hanya su samu dawowa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Ɗanku kuma ƙanenku, ɗan kasuwar Dole, a madadin abokan sana'a, Damagaram.